Ranar da Na Sauka Gaida Farfesa

Ni gurgu ne. Ƙanena ba ya son in faɗi haka, ya fi son in ce mai buƙata ta musamman, amma ni da wannan kalmar na tashi, kuma ba ta taɓa hana ni barci ba. Cutar shan inna ce ta kama ni ina ɗan shekara uku, ta bar mini ƙafafu biyu da ba sa ɗaukar komai. Tun daga nan da hannu nake tafiya. Silifa biyu a tafin hannu, guntun taya ɗaure a kowace gwiwa, in tafiyar da nisa kuma in hau kekena mai feda a hannu. Sana'ata wankin hula, a wata rumfa a bakin titi a Kano. Da ita na yi aure, da ita nake riƙe da iyali.

Boko ban same shi da ƙuruciya ba. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan la'asar, a wata firamare da ke bayan layinmu. Shekara uku na yi ina zuwa. Yanzu ina karatu, amma a hankali, da yatsa a kan layi, rubutuna kuma har yau yana hawa yana gangarowa.

Ƙanen nawa shi ne autanmu, shekara goma sha huɗu na ba shi. Auta nake kiransa, ko da ya zama malami a kwalejin horar da malamai. Shi Allah ya ba wa kai a gidanmu. Da gwamnati ta ɗauki nauyinsa zuwa Malesiya don digiri na uku, ya zo rumfa yi mini sallama, na tambaye shi wane karatu ne wannan da sai an tsallaka teku. Ya ce karatun nakasa. Na yi dariya har hular da nake murzawa ta faɗa cikin kumfa.

"Auta, in guragu za ka karanta, ai ga mu nan birjik a gari. Me zai kai ka wata uwa duniya?"

Ya ce ba ƙafa zai karanta ba, wannan aikin likita ne. Mutane zai karanta, yadda suke kallonmu, da yadda suke gina gida da makaranta kamar babu mu a duniya. Ya ce karatun ya ɗebo daga tarihi, ya ɗebo daga shari'a da addini, har da ilimin masu zanen gini. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Bayan shekara biyu ya dawo gida da 'yar na'urar ɗaukar magana. Wata uku ya yi yana zama a rumfata, yana tambaya ina ba shi amsa. Ban ɓoye masa komai ba. Na gaya masa yadda ake ajiye ni wajen takalma a ɗaurin aure, da yadda dangin matata suka ƙi ni da farko, da yadda ruwan kwata yake shiga silifana da damina har in rasa hannun da zan ci abinci da shi. Ni na kai shi wajen abokaina guragu, na ce su saki jiki da shi, ɗan gida ne. Ya ce a littafin ba za a sa sunan kowa ba, lamba za a ba mu. Ni ne lamba ɗaya.

Shekarar da ta biyo baya kafaɗata ta dama ta ƙi. Shekara arba'in da wani abu tana yin aikin ƙafa, ta gaji. Na kai ga ba na iya murza hula sai da hagu. Auta ya dage sai in zo likitocin can su duba ni, ya yi ta fama da takardu har aka samu. Haka na tsinci kaina a Kuala Lumpur, ni da ko Abuja ban taɓa zuwa ba.

A wata unguwa, Taman Melati, suke zaune, shi da matarsa da 'ya'yansu, a can saman wani dogon bene da ake hawa da lifta. Kusan kullum da yamma sai an yi ruwa, ruwa mai ƙarfi da tsawa, bayan awa guda kuma ya ɗauke kamar ba a yi ba. Tun a filin jirgi na tarar ya saya mini kujera mai taya, sabuwa fil, ledarta ma ba a gama cirewa ba. Da muka isa gida ya ce:

"Yaya, abu ɗaya nake roƙonka. A cikin gida ka yi yadda kake so. Amma in mun fita, ka zauna a kujerar. Mutanen nan ba su saba ganin mutum a ƙasa ba."

Na ce to. Likita ma da ya duba ni cewa ya yi in hutar da kafaɗar, don haka maganar ta zo daidai. Na nannaɗe silifan hannuna da guntayen tayata a leda, na tura ƙarƙashin gado.

Ba zan yi wa garin ƙarya ba. Jirgin ƙasansu na cikin gari yana da wurin da aka ware wa irin kujerata. A tasha akwai lifta, a ƙasa kuma akwai wani layi mai ƙuraje da aka shimfiɗa don makafi su bi da sanda. Na ga gurgu da jakar ofis a cinya yana tura kansa zuwa aiki, ba wanda ya waiwaya. Na ji daɗin ganin wannan, na kuma tuna abokaina na gida. Sai dai ni da kafaɗa ɗaya ba na iya tura kujerar. Kullum wani ne a bayana. Ni da na saba in ga wuri in nufe shi, na koma sai in ce a kai ni. A masallaci kaɗai nake sauka, don a can kowa a ƙasa yake.

Ranar Juma'a mukan hau jirgi mu yi salla a Masjid Jamek, sannan mu ratsa cikin masu yadi da kallabi na titin Jalan Masjid India zuwa wani shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi. Mai shagon da ya hango mu zai janye kujera ɗaya daga tebur yana cewa boleh, boleh, wato babu damuwa, a tura ni gurbin. A nan muke yin gardama da Auta a kan shayi mai kumfa.

"Yaya, ba ƙafarka ce ta nakasa ka ba. Matakala ce ta nakasa ka. Ka ga a nan da babu matakala, ina ne ba ka shiga ba?"

"To kafaɗar nan da take mini zugi, wace matakalar ce ta sare ta?"

"Ita ma ai da an ba ka kujera tun kana yaro..."

"Da an ba ni kujera tun ina yaro, a wane titin zan tura ta? Dakta mai jiran gado, sha shayinka."

Sai ya yi dariya ya ce zai sa wannan a littafi. Ina jin daɗin gardamar nan. A ganina a lokacin, wa da ƙane ne suke hira.

Na yi wajen wata biyu a garin sai ya ce malamarsa, wadda take duba aikinsa, tana son ganina. Ta karanta maganganuna da yawa, in ji shi, tana son ta ga mai su. Na ɗauki abin da girma. Tun rasuwar mahaifinmu ni ne babba a gida. Wannan baiwar Allah ta riƙe mana yaro shekara huɗu a ƙasar da ba shi da kowa, kuma ba wanda ya taɓa zuwa daga gidanmu ya ce mata an gode. Kwana uku na yi ina shirya abin da zan faɗa. Zan gaishe ta, in isar da gaisuwar mahaifiyarmu, in yi godiya, in ce ga amana nan, in ya yi ba daidai ba ta tsawata masa kamar ɗanta. Na wanke hulata da hannun hagu, matar Auta ta goge mini babbar riga.

Muka ɗauki tasi zuwa Jalan Semarak, titin da jami'arsu take. Ofishin yana hawa na uku, da kafet a ƙasa, da sanyin na'ura kamar cikin firji. Farfesa dattijuwa ce 'yar ƙasar, da kallabi da tabarau, za ta yi sa'ar mahaifiyarmu. Da Auta ya turo ni ciki sai ta taso daga bayan tebur, ta zagayo, ta tsaya a gabana da hannu a ƙirji tana murmushi.

Ga dattijuwa, malama, a tsaye. Ga ni a hakimce a kan kujera kamar wani mai sarauta. A inda na tashi ba a gaida malami haka. Mai ƙafa yana cire takalmi ya durƙusa. Ni da ba ni da abin durƙusawa, in ina kan keke na haɗu da babba, sauka nake yi ƙasa, in gyara zama, in sunkuyar da kai. Na yi wannan ya fi sau dubu. Ban ma yi tunani ba. Na danne birki, na dafa hannun kujera da hagu, na zame ƙasa a hankali, na tattara rigata.

Ban kai ga buɗe baki ba ta yi salati da ƙarfi, ta ja da baya tana kiran mutane. Wasu samari biyu, ɗalibai, suka faɗo daga waje. Kafin in ankara ɗaya ya cusa hannu a hammatata ta dama, ɗaya ta hagu, suka ɗaga ni sama. Zafin da ya ratsa kafaɗata sai da na ga duhu.

"Auta, gaya musu gaisuwa ce! Gaya musu gaisuwa nake yi!"

Yana tsaye riƙe da bayan kujerar, gumi yana tsattsafo masa a goshi cikin wannan sanyi. Ya faɗi wata gajeriyar magana da Turanci. Suka dangwarar da ni a kujera, suka gyara mini ƙafafu a kan matakinta kamar ana jera kaya. Aka kawo ruwa. Farfesa ta yi ta ba ni haƙuri da yarensu da Turanci, idonta har ya kawo ruwa. Mace ce mai kirki, ban taɓa ganin laifinta ba. Muka yi kamar minti ashirin, tana tambaya Auta yana juyawa, ina amsawa da e da a'a. Gaisuwar da na shirya kwana uku ko kalma ɗaya ban faɗa ba.

A cikin tasi na tambaye shi me ya ce musu.

"Na ce santsi ne ya kwashe ka."

"Santsi? A kan kafet?"

Ya juya yana kallon taga. Na ce a raina yaro ne, ya rikice, ya wuce.

Bayan wata guda da wani abu aikin nasa ya zo ƙarshe. Ashe a ƙa'idar malamarsa, duk wanda aka yi amfani da labarinsa sai an juya masa abin da aka rubuta a kansa zuwa yarensa, ya ji, ya yarda, ya sa hannu. Kuma ba mai binciken ne zai juya ba, wani ne daban. Abokaina na gida ta waya aka karanta musu. Ni da nake kusa aka ce a kawo mini takarda.

Wadda ta juya wata ɗaliba ce a sashensu, Kirista 'yar Filato, mai fara'a da Hausar Jos. Baba take ce mini, alhali ban ba ta shekara goma ba. Ta zo wata Asabar da safe da ambulan a hannu. Auta yana sa takalmi zai fita, don ƙa'ida ta ce kada ya zauna, ya ce:

"Yaya, ba wani abu ba ne, maganganunka ne. Za ta karanta maka, ka sa hannu, shi ke nan."

Da ya fita na ce mata ta ajiye, ni zan karanta da kaina.

"Baba, shafi goma sha biyu ne fa."

"Kin ga ina da wani aikin ne? Ko gona kika ga na bari?"

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce ita dai ba ruwanta, in na gama in kira ta.

Kwana tara na yi. Kowace safiya bayan an tafi makaranta sai in ja jiki zuwa baranda, in shimfiɗa takardun a kan tabarma, in danne da kofi don iska. Shafukan farko sun faranta mini rai. Ga maganata, yadda na faɗe ta a rumfa, an buga ta da na'ura kamar ta mutumin kirki. Ga ruwan kwata, ga wajen takalma, har gardamarmu ta kafaɗa da matakala ya sa. A ƙarƙashin kowace magana ya yi bayani, wani na gane, wani ya fi ƙarfina. Na riƙa cewa a raina, ashe yaron nan yana saurare.

A rana ta takwas na iso shafi na goma. Nan na ga ofishin Farfesa. Bai ce santsi ba ne a nan. Ya rubuta daidai, cewa lamba ɗaya ya sauka daga kujerarsa da gangan don ya yi gaisuwa. Sannan ya yi bayani. Ya ce wannan shi ne babban misalin abin da littafinsa yake nunawa. Mutumin da al'umma ta ajiye a ƙasa tun yana yaro, in ji shi, yakan kai ga yarda cewa ƙasa ce wurinsa. Ko an ɗaga shi an ba shi kujera, da ya ga mai iko sai ya koma ƙasa da kansa, yana zaton ladabi yake yi. Ya ce raunin da ke cikin zuciyar lamba ɗaya ya fi na ƙafarsa zurfi.

Sau uku na karanta. Na ce wataƙila ni ne ban iya ba, wataƙila na haɗa layin sama da na ƙasa, don yana faruwa da ni. Na sa yatsa na bi baƙi bayan baƙi. Maganar ba ta canza ba. Na ƙarasa sauran shafi biyun washegari don kada in yanke hukunci da rabin magana, sannan na kira 'yar Filato.

Ta zo, na nuna mata wurin. Ba ta yi dariya ba ran nan.

"Baba, ba ka yi kuskure ba. Abin da ya rubuta na juya, ban ƙara ba ban rage ba."

"Ke kin yarda da shi?"

"Mu ma a ƙauyenmu har ƙasa muke gaida manya. Na gaya masa. Ya ce nawa daban, naka daban."

Ta ce akwai abin da dole ta sanar da ni, don aikinta ne. Ina da ikon in ƙi sa hannu. Ina da ikon in ce a cire ni gaba ɗaya, ba wanda zai tambaye ni dalili. Na ce in na yi haka me zai faru. Ta ce rabin littafin a kaina ya tsaya, kuma wannan babin shi Farfesa ta fi yabawa. In aka cire ni sai ya sake gini daga tushe, ga shi wa'adin da gwamnati ta ba shi saura 'yan watanni. Ba ta ce ba zai gama ba. Ta ce ita dai ba ta ga ta yadda zai gama ba.

Da la'asar matarsa ta fita da yara, muka rage mu biyu a falo. Na ajiye shafin a gabansa.

"Auta, ranar da muka je neman aurenka, da ka shiga gaida surukinka, a tsaye ka gaishe shi?"

"A'a, Yaya."

"Malaminmu na allo fa, in ka je gida, a kujera kake gaishe shi?"

"A'a."

"To me ya sa naka ladabi ne, nawa kuma ciwo?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Yaya, ni in na durƙusa, ina da zaɓi. In na ga dama in tsaya. Kai tun kana yaro ba wanda ya taɓa ba ka zaɓi. Kai da bakinka ka gaya mini a wajen takalma ake ajiye ka, kuma ba ka taɓa cewa a matsa maka ba. Shekara nawa? Ta yaya za ka san wanne ne ladabi, wanne ne sabo?"

Ba zan ce maganar ba ta shige ni ba. Na ce, "Ran nan ina da zaɓi. Kujera tana ƙarƙashina, ni na danne birki."

"Abin da nake faɗa ke nan, Yaya."

"To ka tambaye ni? Wata uku kana tambayata a rumfa, har abin da ke tsakanina da matata ka tambaya. Wannan ɗin me ya hana ka tambaya?"

Ya mayar da tabarau a fuska, na ci gaba.

"Kuma tunda ka san gaisuwa ce, me ya sa ka ce musu santsi ne? Ina kiranka, suna fizgar kafaɗata, kalma ɗaya ce za ta tsayar da su."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Kunya na ji."

"Kunyar me?"

"Na ga yayana a ƙasa a gaban mutane."

"Wannan ka sa a littafin?"

"Littafin ba a kaina yake ba, Yaya."

Aka fara ruwa, ya tashi ya rufe ƙofar baranda. Bai roƙe ni in sa hannu ba, ko a ranar ko bayanta, wannan zan shaide shi. Bai kuma ce zai cire shafin ba. Ya yarda da abin da ya rubuta, har zuciyarsa.

Kwana uku takardar tana kan tabarmata. Gidan ya yi tsit, matarsa tana ajiye mini abinci tana satar kallona, don ta ji komai daga bakinsa. Na yi tunanin mahaifiyarmu da take ƙirga watanni tana cewa Allah ya nuna mata ranar da za a kira autanta Dakta. Na yi tunanin matarsa da ta bar aikinta ta biyo shi. Na kuma yi tunanin mutanen da ban sani ba, a ƙasashen da ban sani ba, da za su buɗe littafin su ga wani lamba ɗaya wanda bai san bambancin ladabi da ƙasƙanci ba. Ba su san sunana ba, gaskiya ne. Amma ni na san ni ne, Auta ma ya sani.

A rana ta huɗu na kira 'yar Filato. Na sa hannu a inda ta nuna. A ƙasan sa hannun akwai ɗan fili, na tambaye ta ko an hana rubutu a wurin, ta ce ba ta taɓa jin an hana ba. Na kwantar da takardar a ƙasa, na riƙe biro da hannun da yake ciwo, na rubuta cewa ni lamba ɗaya gaisuwa na yi wa malamar ƙanena, yadda ake yi a garinmu, kuma ina gode mata. Layi uku ne, sun ci mini kusan rabin awa. Ta ce za ta juya shi ta miƙa wa Farfesa hannu da hannu, amma ba ta yi mini alkawarin zai shiga littafi ba.

Ban jira ranar da zai kare aikin a gaban malamai ba. Likita ya sallame ni da magani da motsa jikin da zan riƙa yi, na ce a sama mini jirgi. Auta ya raka ni har inda ake tsayar da masu rakiya, ya ce in tafi da kujerar. Na ce ya bar ta, layinmu ba za ta shiga ba.

Ya ci jarrabawarsa. Mahaifiyarmu ta ga ranar. Yanzu yana koyarwa, ana gayyatarsa taro, kuma na ji an ce a dalilinsa an yi wa wasu azuzuwa a kwalejinsu gangara a maimakon matakala. Muna gaisawa, yana zuwa rumfa da salla, muna maganar yara da tsadar kaya. Ban taɓa tambayarsa ko layukan nan uku sun shiga ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Gardama ce dai ba mu ƙara yi ba.

Abin da ya fi damuna ban gaya wa kowa ba. Watanni kaɗan da dawowata, ina kan kekena zan tafi rumfa da safe, sai ga limamin unguwarmu, tsoho ne da ya yi wa mahaifinmu salla. Na ja birki zan sauka yadda na saba, har na dafa. Sai na tsaya ina tambayar kaina, wannan saukar ta mece ce? Girmansa nake gani, ko wurina nake komawa? Ina cikin wannan har ya iso daf da ni. Na gaishe shi daga kan keke. Ya amsa da fara'a, ya tambayi kafaɗa, ya sa mini albarka, ya wuce. Ina jin bai ma lura ba.

Na isa rumfa na jiƙa huluna, na kasa wanke ko ɗaya har azahar. Tun daga ranar wani lokaci ina sauka, wani lokaci ba na sauka, kuma ko wanne na yi sai na yini ina tuhumar kaina.